Minti Biyar na Hassana

Duk wanda ya zauna da Hussaina ya san ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. In ta ɗauki tsintsiya sai ta share har ƙofar maƙwabta, in kuma fushi ta ɗauka sai ta kai shi inda ba a aike ta ba. Da irin wannan hali ta rungumi ɗinkin hula bayan rasuwar mijinta, Malam Mani. Takaba ta zaunar da ita a gidansu na Ƙanƙara, ba fita, ba kwalli, ba lalle, ba yaro ko ɗaya a tsakar gida da zai yi mata ɓarna ta samu abin yi wa faɗa. Sai ta juye baƙin cikinta duka a kan allura da zare. Tun hantsi take duƙawa a bakin ƙofar ɗaki, ba ta ɗagowa sai kiran salla ya ɗaga ta. Idanunta suka yi ja, wuyanta ya sandare, har in za ta waiwaya sai ta juyo da jiki gaba ɗaya.

Hassana, wadda suka zo duniya tare, a Sabuwa take aure. Ta zo zaman makoki da ɗiyarta Sa'adiya, mai karatun aikin jinya, kuma da jama'a suka watse ba ta bi su ba, ta ƙara kwanaki. Kamarsu ɗaya, amma hali kam kowa da nata. Hassana ko a gidan rasuwa sai ta samo abin da zai sa a danne dariya da bakin mayafi.

Sa'adiya ce ta gaji da kallon abin, ranar da ta tarar da kwanon tuwo a rufe yadda aka kawo shi tun rana.

"Inna Usai, wanga ba aiki ba ne, kashe kai ne. Miƙo mani wayarki."

Wayoyin iri ɗaya ne, domin tun suna yara ba a saya wa ɗaya abu a bar ɗaya, kuma Mas'udu, ɗan Hassana, da ya sayo su ya san wannan doka. Sa'adiya ta haɗa su biyu a cinyarta tana latse-latse, tana bayani. Ta ce haka suke yi a makaranta in jarrabawa ta matso. Minti ashirin da biyar mutum na kan aikinsa, ba tashi, ba hira, ko waya ta yi ƙara ba a taɓawa. Ƙararrawa na kaɗawa a ajiye allura, ko da a tsakiyar suka ake. A miƙe, a sha ruwa, a kalli nesa don ido ya huta, minti biyar. Wata ƙararrawar ta kaɗa a koma. In an yi haka sau huɗu sai a yi dogon hutu.

Hussaina ta taɓe baki. "Yanzu ni da hurhurata, waya za ta riƙa ce mani tashi, zauna?"

"Ai gara waya," in ji Hassana, "ita kaɗai ce ba ki iya yi ma gardama." Ta karɓi tata wayar ta jujjuya. "Ke Sa'adiya, ki daidaita mana su. Ƙarfe tara na safe mu hwara tare, ita nan, ni can. In ta kaɗa na hutu sai mu kira juna. Kin ji ko, Usai? Aikin naki ne, amma minti biyar ɗin nan nawa ne."

Hular da ke gabansu kuwa ba ta sayarwa ba ce. Ta Mas'udu ce, wadda zai sa ranar ɗaurin aurensa, da aka ɗaga har sai Hussaina ta fita takaba. Hassana ce ta haife shi, ɗan fari, aka kawo wa Hussaina shi yaye ya zauna ke nan, tunda Allah bai ba ta nata ba. Yanzu yana can Fatakwal yana nema. Kunyar ɗan fari ta sa har yau Hassana ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "yaronki". Ba yadda za a yi ta fito fili ta ce ga abin da ta yi wa ɗanta na aure, a yi ta da ita a dangi. Shi ya sa suka raba aikin a asirce. Hussaina za ta ɗinka jikin hular, Hassana ta tafi da zagayayyen ƙyallen nan na kai ta cike zanensa, in an haɗa a ce duk aikin Hussaina ne. Hannunsu ɗaya, ba mai iya rabewa.

Da Hassana ta koma Sabuwa, gidan ya rage daga Hussaina sai Goggo, tsohuwar gwaggon marigayi, wadda ke kwana da ita tana yi mata aike. Goggo ba ta da yawan magana, kuma rabin yininta a gidajen maƙwabta take yin sa.

Abin da Hussaina ta raina sai ga shi ya karɓe ta. Wuyan ya saki, jan idon ya washe, kuma aikin ya fi sauri, abin da ya ba ta haushi ƙwarai don ta so a ce dabarar yara ba ta ci ba. Amma gaskiyar magana ba don wuya take yi ba. Don minti biyar ɗin take yi. Ƙararrawa na kaɗawa za ta soke allura a gefen ƙyalle, ta miƙe tana kallon saman darbejiyar bayan katanga kamar yadda aka umarce ta, ga muryar Hassana a kunne. Labarin akuyar da ta cinye sabulu, labarin kishin da surukar wance ke yi da rediyon ɗanta, ko a yi ta musu a kan wadda ta fi cin zare. Ƙararrawar komawa aiki na kaɗawa Hussaina za ta katse, ko Hassana na tsakiyar zance.

Domin fa Hussaina ta riƙe dokar fiye da wadda ta kafa ta. Hassana kuwa doka ba ta taɓa zama a kanta ba. Sau biyu tana kira a tsakiyar aiki, na farko don ta ce kazarta ta ƙyanƙyashe, na biyu don ta tambayi sunan wata mai kitso da suka sani tun suna 'yan mata. A na biyun Hussaina ta wanke ta tas.

"Mi ya hana ki jira? In kika sake kira ba lokaci ba, wallahi ko kallon wayar ba ni yi."

"To Hajiyar ƙararrawa, Allah ya huci zuciyarki," in ji Hassana tana dariya.

Wata safiya a ƙarshen damina, an kwana ana yayyafi, Hussaina na kan wani lungu mai wuya na zanen, inda shuɗi ke shiga cikin ruwan ƙasa, sai waya ta ɗauki ƙara. Ta saci kallo, ta ga hoton Hassana. Ta yi tsaki ta ci gaba. Kiran ya katse, Hassana ta sake kira, ta sake. Hussaina ta kifa wayar a kan tabarma, tana ayyana irin tatas ɗin da za ta yi mata in lokaci ya yi. Ai da ma ta rantse.

Da ƙararrawa ta kaɗa ta soke allura, ta miƙe, ta sha ruwa ma tukuna don ta ja mata rai, sannan ta kira. Shiru. Ta sake, shiru. Ta zaga bayan ɗaki ta ɗaga wayar sama, ta dawo bakin rijiya. Tana nan tana kai da kawowa Goggo ta shigo da labarin da ya cika gari. Gwamnati ta ɗauke sabis saboda 'yan bindigar daji, daga Ƙanƙara har Faskari har Sabuwa, duk yankin, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsa.

Da farko Hussaina ba ta ɗauki abin da zafi ba, ta ce kwana biyu ne. Kwana biyu ya zama mako, mako ya zama wata. Masu hali suka riƙa shiga mota har wajen iyakar Kano don su yi waya su dawo. Ita ko da takaba ta bar ta ta je, wa za ta kira? Can ma Sabuwa layin a mace yake. Hanyar kuma ta zama abin da ta zama, direbobi ba sa bin ta sai rana ta take, su ma da addu'a a baki.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Me Hassana ta so faɗa, har sau uku? Kuma me ta ɗauka da aka ƙi amsa ta? Tun da suka zo duniya ba su taɓa kwana da magana a tsakaninsu ba a warware ba. Ko ranar da aka kai Hassana Sabuwa, sai da suka gama faɗan ɗankunne a cikin mota suka shirya kafin a sauke amarya. Ga shi yanzu ta bar 'yar'uwarta riƙe da waya tana jin ƙara, ita kuma ta kifa tata a tabarma. Kullum in ta tuna sai kunya da tsoro su haɗu su kama ta.

Ba ta daina bin ƙararrawar ba. Wayar da ba ta kira ba ta amsawa, wannan aiki ɗaya ya rage mata, kuma tana yin sa ba fashi. Goggo kan kai ta wurin mai caji da la'asar tana mita, wai ana ciyar da jakin da ba ya kai kaya. Hussaina dai ba ta fasa ba. A ranta tana cewa, in dai wayar Hassana na kaɗawa a daidai wannan lokaci, to ko ba komai suna ajiye allura tare.

Sai dai minti biyar ɗin da a da yake gudu kamar an kore shi, yanzu ya zama shi ne aikin. Cikin ɗinki mutum na iya ɓuya, ido na kan zare, kai na ƙirga suka. Amma in ƙararrawa ta ce tashi, sai gidan ya fito mata yadda yake. Ga butar Malam a inda ya saba ajiye ta. Ga ƙusar da yake rataye carbi. Ga igiyar shanya ba rigar namiji a kai. Kaɗaici ya ishe ta, irin wanda ba a gaya wa maƙwabta don za su ce a yi haƙuri su tafi. Wata rana ta ce yau ba za ta huta ba, ta yi kunnen uwar shegu da ƙararrawar har azahar. Ta tashi da wuya a sandare, ga kuskure a zane da ya ci mata yini guda tana gyara, ga kuma jin kamar ta bar Hassana tsaye a ƙofa. Ba ta sake ba.

Daga baya ta samo dabara. In ta hutu ta kaɗa sai ta kanga matacciyar wayar a kunne, ta fuskanci darbejiya, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada Goggo ta ce ta zautu. Ta ba da labarin gero da ya nuna, da 'yan gudun hijirar da suka cika makarantar unguwa daga ƙauyukan wajen 'Yargoje, da yadda jikin hula ya kusa haɗewa. Ƙarshen kowace hira ɗaya ne. "Ba ƙin ɗauka na yi ba, Hassana. Ƙararrawa nike jira."

Da ta ji Gide direba, ɗan maƙwabtansu, zai kai kaya Sabuwa, ta aiki Goggo zaure da wannan saƙon, kalma da kalma, ta sa ta maimaita har sai da tsohuwar ta fusata. Bayan kwanaki Gide ya dawo, ya tsaya a zaure, Hussaina na daga bayan ƙofa tana ji.

"Sun ce a gaishe ki ƙwarai, kowa lahiya."

"Hassanar ce ta hwaɗa maka da bakinta?"

"A'a Inna, ai ban shiga ba. Mai gidan ya fito, na ba shi saƙo, ya shiga ya dawo ya ce kowa lahiya, ki ƙara haƙuri."

Ki ƙara haƙuri. Hussaina ta juya wannan magana ta kowane gefe ba ta ga Hassana a cikinta ba. Hassanar da ta sani da ta aiko da ƙullin daddawa da baƙar magana, ta ce a gaya wa Hajiyar ƙararrawa kaza ta sake ƙyanƙyasa. Wannan gaisuwar ta baƙi ce. Ashe dai ta riƙe abin. Tsoron da ke ran Hussaina ya fara rikiɗa yana zama haushi, don haushi ya fi mata sauƙin ɗauka. Kira uku kacal, shi ne za a yi mata horon wata da watanni, ita da ke cikin takaba?

Bayan an gama kaka, sanyi ya fara shigowa, Gide ya sake zuwa ya dawo da 'yar baƙar leda. Ya ce Sa'adiya ce ta miƙo masa a ƙofar gida, ba ta ce komai ba sai a kai wa Inna Usai. Hussaina ta kwance ta. Kan hula ne, da allura soke a jiki, zare na reto. Ba a gama ba. Daga tsakiya zanen ya taso tsaf, hannun Hassana sak, sumul kamar an shafe da man shanu. Amma layi uku na ƙarshe abin takaici ne. Suka ɗaya doguwa, ɗaya guntuwa, zare ya saki nan ya ɗaure can, wani wurin ma ya bar zanen ya shiga inda ba a ce ba. Daga nan aka tsaya, aka bar sauran fili fari.

Goggo ta leƙo ta kan kafaɗarta. "Wanga gehen kamar hannun mai koyo."

"Hannun mai hushi dai," in ji Hussaina. "Ta jagwalgwala ta maido mani, wai in ƙarata da kayana. Ni ta yi ma hushi, to yaron mi ya yi mata? Da wanga za ya shiga cikin mutane?"

Washegari ƙarfe tara ta zauna da reza. Ta bi layi ukun nan tana tsinkewa tana zarewa, haƙora a cije, ba ta ɗago ba. Kafin ƙararrawa ta kaɗa ta gama, har da sauran lokaci. Ta share guntayen zaren ta watsa bayan ɗaki, kaji suka bi suna tsattsaga. A minti biyar na ranar ba ta ɗauki waya ba, ta tsaya dai tana kallon darbejiya da hannu a ƙugu. Cikin mako guda ta cike kan hular, ta haɗa shi da jiki, aka kai wa mai wanki ya wanke ya buga ya dawo da ita. Hula ta yi kyau har Goggo ta yi guɗa a hankali, ta tuna gidan takaba ne ta kama bakinta. Hussaina ta ɗora ta a kan akwati. Ba ta ji daɗin komai ba.

Duk da haka ƙarfe tara na yi ta kan zauna. Ta ɗauko wani ƙyallen ta fara wata hular da ba mai jiranta, don ba ta san abin da za ta yi da safiya ba in ba haka ba. Fushin ma bai yi ƙarko ba. Kwana kaɗan ta koma kanga wayar a kunne.

Saura 'yan kwanaki ta fita takaba, wata safiya tana tsakiyar aiki, sai ta ji unguwa ta ruɗe. Waya na ƙara a gidan gabas, wata na ƙara a gidan yamma, wata mata na ƙwala sallama da iya ƙarfinta kamar mai kiran wanda ke hayin kogi. Kafin ta gane abin da ke faruwa, tata wayar ta ɗauka a kan tabarma. Doka ko ba doka, allurar ma ba ta san inda ta jefa ta ba.

"Inna Usai? Sa'adiya ce."

"Ina uwarki? Ba ni ita. Ko har yanzu hushin ne?"

Sa'adiya ta fashe da kuka, ta yi ta magana cikin kukan. Ta ce ranar da aka ɗauke sabis, Inna na zaune tana ɗinki ta ji hannunta na dama ya yi nauyi, harshenta na karyewa. Ba ta kira kowa a gidan ba, waya ta jawo. A nan aka same ta a faɗe, wayar na hannunta. Hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye. An kai ta asibiti Funtuwa, an dawo. Tana ɗan takawa in an riƙe ta, tana gane kowa, tana jin komai, amma baki bai dawo ba.

"Baba ya ce kada a gaya maki. Ya ce kina takaba, ga naki hawan jinin, ga hanya ba kyau, in kika ji za ki taso ko mi za a yi. Ni da na miƙa ma Gide leda, in na buɗe baki kuka za ni yi, shi ya sa ban ce komi ba."

Hussaina ta zauna a gindin bango.

"Kan hular ya iso ko?" in ji Sa'adiya tana jan hanci. "Kin ga layi ukun ƙarshe? Da hagu ta yi su, Inna. Tun da aka sallamo ta, kullum ƙarfe tara sai ta nuna mani waya. Ni ke riƙe mata ƙyallen, ita tana suka. Wani zaman duka suka huɗu take samu, zuhwa na zuba. Na ce ta bari, ta ture mani hannu. Wata biyu tana abu ɗaya, so take hannunta ya kai ƙarshe, har ta ga ba ya kaiwa ta yi mani nuni in aiko maki. In ta hutu ta kaɗa kuma sai na kanga mata wayar a kunne, ko ba kowa a ciki. Tun ɗazu da na ce sabis ya dawo take dafa kanta tana kallona, hular take tambaya. Ga ta, tana jin ki."

Aka yi motsi, sai numfashi ya cika kunnen Hussaina, mai nauyi, yana fita ta gefe ɗaya. A daidai nan wayar da ke kunnenta ta kaɗa ƙararrawar hutu, kuma can cikin ɗakin Sabuwa ta jiyo wata irinta sak tana kaɗawa tare da ita.

Ta ɗaga ido ta cikin ƙofa. Ga hular can a kan akwati, kanta sumul, ba inda za a nuna a ce nan wani hannu ya sha wuya. Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi, kalma biyu ce, kuma ba mai kama ta sai ranar biki. Amma ba ta taɓa yi wa Hassana rabin magana ba.

"Hassana, na gani," ta ce. "Na gani. Na zaci hushi kika yi da ni, na sa reza na warware su duka. Ko zama ɗaya ba su kai mani ba. Kuma ran nan ba ƙin ɗauka na yi ba, ƙararrawa nike jira."

Numfashin ya tsaya. Sai wani sauti ya biyo baya, yana fita guntu-guntu, yana shaƙewa yana dawowa. Hussaina ta danna wayar a kunne har ya yi zafi. Ita da ke gane tarin Hassana a cikin taron biki, ita da ke sanin abin da za ta faɗa tun kafin ta buɗe baki, yau ta kasa kunne iya kasawa ba ta gane ba.

"Sa'adiya! Sa'adiya, dariya take ko kuka?"

"Ni ma ban sani ba, Inna," in ji yarinyar daga nesa kaɗan. "Tun da abin ya same ta duk iri ɗaya suke fita. Amma ta riƙe wayar gam, ta hana ni karɓa."

Hussaina ta share fuska da gefen zane. Hawayen da ba ta yi ba tun ranar sadakar bakwai suka zo mata gaba ɗaya, ta bar su. Ƙararrawar komawa aiki ta kaɗa, nan da can. Ta sa yatsa ta kashe tata, ta ji an kashe ta can ma. Ta gyara zama a gindin bangon, ta miƙe ƙafafu.

"To saurara," ta ce. "Bari in hwaro maki tun daga gero."